Tub ɗaya ya zagaye gida

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku, autar tana da wata bakwai. Tana wata uku ƙuraje suka feso mata a matsematsi da ɗuwawu, daidai inda pampas yake kwanciya. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta aiko min da wani man shafawa na tub daga kemis, irin wanda ake ce wa mai aiki uku. Kwana biyu ƙurajen suka baje. Amma da na daina sai su dawo, shi ya sa na mayar da shi kamar basilin, duk canjin pampas sai na lakata mata. Yau wata huɗu, mun ƙarar da tub takwas. Yanzu wurin ya yi fari yana sheƙi, kumatunta sun yi suntum, gashi ya fito mata a goshi da gadon baya. Kowa cewa yake ta yi ɓulɓul, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

"Ni ma na shafa a fuskata saboda ƙurajen da suka fito min bayan haihuwa. Suka tafi, fuskar ta yi haske, har maigida ya yaba. Yanzu in na kwana biyu ban shafa ba sai ta ɗau zafi kamar an watsa min barkono. Babban ɗana mai shekara 9 yana da makero a ka, na shafa masa. Ya faɗi a wurin ƙwallo ya kurje gwiwa, nan ma na shafa, sati uku ke nan ciwon bai kame ba. Maigida ya yi targaɗe a idon sawu wurin saukowa daga babur, na mulke shi da shi bai ji komai ba, sai da mai kemis ya ba shi wani mai sanyi an rubuta diclofenac a jikinsa. Wata maƙwabciyata ma'aikaciyar asibiti ta ga tub ɗin ta ce sitiroyid ne, in zubar. In zubar ɗin? Kuma da wane baki zan gaya wa Hajiya maganinta ne ya cutar da jikarta, ko in gaya wa maigida hasken da yake yabo na tub ne?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba ku lafiya gaba ɗaya. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma da kumatun jaririyar zan fara, domin cikin ku huɗun nan ita kaɗai ce lamarinta ba ya jiran a yi albashi.

Gobe da sassafe ki goya ta ki kai ta inda akwai likitan yara. Tunda kina Zariya, asibitin koyarwa na Shika bai yi miki nisa ba. Ki tafi da tub ɗin da kwalinsa, har da waɗanda suka ƙare in ba a share su ba. In likita ya tambaya, ki faɗa masa lissafin yadda kika faɗa min: wata huɗu, duk canjin pampas, tub takwas. Kada kunya ta sa ki rage ko ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da wannan lissafin ne zai san irin gwajin da zai rubuta.

Maƙwabciyarki ta yi gaskiya da ta ce sitiroyid ne. Inda zan ja ta kawai shi ne maganar "zubar" da babu komai a bayanta. A saman kowace ƙoda ta ɗan Adam akwai wani ɗan ƙullutu da ya zauna kamar hula, aikinsa fitar da wani sinadari da ake kira kotisol. Shi ne yake riƙe wa jiki ƙarfin bugun jini da yawan suga, kuma shi jiki yake nema da yawa ranar zazzaɓi ko gudawa. Maganin da ke cikin tub ɗinki ɗan'uwan kotisol ne da aka ƙera, sai dai ya ninka shi ƙarfi. Idan ya yi watanni yana ratsa fata yana shiga jini, sai ƙwaƙwalwa ta ga ai akwai shi birjik, ta sallami ƙullutun nan ya kwanta barci. Ki ɗauka mace ce aka yi wata huɗu ana aiko mata da tuwo daga maƙwabta safe da dare, har murhunta ya yi sanyi, itacenta ya ƙare. Ranar da aka daina aikowa ba tare da sanarwa ba, gidan da yunwa zai kwana. To, kumatun da kika gani da gashin goshin nan alamu ne da ke nuna mai yiwuwa maganin ya riga ya shiga jininta sosai. Saboda haka daga yau ki daina lakata mata shi a kowane canji, amma kada ki jefar ki zauna a ɗaki kina jiran ikon Allah. Rabuwa da shi a hannun likita za a yi. Wataƙila ya sa a ɗebi jininta da safe a auna kotisol, wataƙila ya ba ta wani magani mai sauƙi na sha da za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har nata ya farka. Idan kuwa kafin gobe, ko a makonnin da ke tafe, kika ga tana amai, ta ƙi kama nono, jikinta ya saki ta yi laƙwas, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko tsakar dare ne ki nufi sashen gaggawa, kuma maganar farko da za ta fito daga bakinki ita ce an daɗe ana shafa mata sitiroyid.

Za ki ce yaya abin shafawa zai yi wannan ɓarnar alhali ba sha ta yi ba. Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba, kuma in aka gwada faɗin fatarsa da nauyin jikinsa, rabonsa ya fi na babba yawa. Sannan fata ba ɗaya ba ce a jiki. Tafin ƙafa da ƙyar yake shan magani, amma fatar ido da ta al'aura suna shan kusan ninki 30 na abin da fatar damtse take sha. Ga shi wurin ya riga ya saɓule da ƙuraje. Sai kuma aka kawo pampas aka rufe, ga ɗumi ga laima, babu iska. Ko a asibiti, in ana so magani ya ratsa fata mai kauri da gangan, rufe ta ake yi da leda. Ke kuwa kin yi haka sau biyar ko shida a rana ba da saninki ba. In kowane tub giram 30 ne, giram 240 ke nan a jikin da bai wuce a ɗauka da hannu ɗaya ba. Takardar da ke cikin kwalin clobetasol, ɗaya daga cikin sitiroyid mafi ƙarfi da ake zubawa a irin wannan tub, ta hana babban mutum ma wuce giram 50 a mako, ta kuma hana a shafa wa yaron da bai shekara ba.

Shekarun baya, ina aiki a tagar ba da magani, wata tsohuwa ta zo da jikanta a kafaɗa tana ta wasa shi, wai a duba mata kumatu kamar an hura. Na miƙa hannu na karɓe shi. Fuskar a cike take tam, amma cinyoyin sirara ne, gashi kuma ya sauko daga gaban goshi ya kusa haɗuwa da gira. Da na buɗe kunzugun sai ga fata kamar takardar biredi, jijiyoyi jajaye sun fito raɗau. Na ce, "Baba, me ake shafa masa?" Ta kwance haɓar zaninta ta fito da tub an matse shi har ya nannaɗe, ta ce ai wannan shi ne rufin asirinsu, duk jikokinta da shi ta rene su. Ba ta ji daɗin abin da likita ya gaya mata ba, har ta yi ƙwalla. Yaron ya warke, amma sai da aka yi watanni ana zarya. Tun daga ranar, in na ji an ce jariri ya yi ƙiba farat ɗaya a fuska kaɗai, sai na tambayi abin da ke cikin kwandon kayan wankansa.

Su ƙurajen pampas ɗin kansu maganinsu ba shi da tsada. Fitsari da kashi ne suke cin fata in sun jima a kanta. A riƙa canzawa da wuri, a wanke da ruwan ɗumi zalla, a dafa da tsumma mai laushi har ya bushe, kada a goga. A shimfiɗa mata leda da zani a bar ta tsirara ta sha iska, ko da rabin awa ne sau biyu ko uku a yini. Sannan a shafa abin da zai shiga tsakanin fata da fitsari, wato basilin ko man da ke da zinc oxide, a shafa da kauri. Hoda ki ajiye ta. Idan ƙurajen sun yi ja wur, sun shiga har cikin lungun cinya, da 'yan ɗige-ɗige a gefe kamar an yayyafa, galibi naman gwari ne ya samu wuri, irin wanda ke sa farin baki ga jarirai, kuma akwai man da aka yi dominsa shi kaɗai ba tare da sitiroyid ba. Likita zai duba ya zaɓa. Ki kuma tuna masa cewa rigakafin wata tara, na ƙyanda da shawara, ya kusa, domin ya gaya miki ko a yi a kan lokaci ko a ɗan jinkirta.

Bari in buɗe miki cikin tub ɗin, domin ki iya karanta kowane irinsa da kanki. Abu uku ake zubawa: maganin naman gwari, kamar clotrimazole ko ketoconazole, maganin ƙwayoyin cuta, kamar neomycin ko gentamicin, sai na ukun, betamethasone ko clobetasol, wanda shi ne sitiroyid ɗin. Ki duba ƙananan rubutun da ke gefen kwali. Sunan da ya ƙare da "sone" ko "sol" ko "lone" ko "nide", ki yi masa kallon sitiroyid har sai mai ilimin magani ya ce miki ba shi ba ne. Cikin ukun nan, na ukun ne yake sa a ga aiki a kwana biyu. Kumburi, ja, zafi da ƙaiƙayi hanyar jiki ce ta yin kururuwa da tura dakarunsa inda aka taɓa shi. Sitiroyid yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, ya kori dakarun, wurin ya yi lif. Idan jikin ne ya tashi faɗa babu dalili, kamar a kirci ko borin fata daga sabulu ko sarƙar wuya, to an yi daidai. Idan kuwa akwai ƙwayar cuta a wurin, an ɗaure bakin kare ne alhali ɓarawo yana cikin gida.

Kada wannan ya sa ki tsani maganin. Tun 1952, da wasu likitocin fata biyu a Amurka, Sulzberger da Witten, suka nuna cewa hydrocortisone na shafawa yana kwantar da kirci, ba a samu abin da ya sauƙaƙa wa masu wannan ciwo kamarsa ba. Na ga yaran da suka yi shekara ba su yi barcin kirki ba saboda susa, mako ɗaya ya mayar musu da barcinsu. Na kuma ga iyayen da tsoro ya hana su shafa wanda likita ya rubuta, yaro yana ta yagar jikinsa har jini. Abin da ake kiyayewa shi ne ƙarfinsa, wurin da za a shafa, da kwanakin da za a yi. A Ingila hawa huɗu suka kasa shi. Hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100 shi ne na ƙasa, shi ake ba yara da fuska, na 'yan kwanaki. Betamethasone yana hawa na uku. Clobetasol yana can ƙololuwa, ya ninka hydrocortisone ƙarfi sau ɗaruruwa, an yi shi ne domin fata mai kauri da ciwo mai taurin kai, na 'yan makonni, a ƙarƙashin idon likita. Har ma'auni gare shi, wanda wasu likitoci biyu a Birtaniya suka fitar a 1991: a matso man a kan yatsa manuni daga ƙarshensa zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa ya shafe wurin da ya kai faɗin tafin hannun babba biyu har da yatsu. Ki gwada wannan da yadda ake lakato shi a gidajenmu.

Yanzu fuskarki. Hasken da kika gani daga abu uku ya fito: jijiyoyin jini sun tsuke, ƙwayoyin da ke yin launin fata sun yi sanyi, fatar kuma ta fara siracewa. Zafin barkonon da kike ji in kin daina, jijiyoyin ne suke buɗewa gaba ɗaya bayan sun daɗe a matse. Sai ki koma ki shafa, ki ji sanyi, ki ce ashe maganin ne ke riƙe da ke. Haka mata da yawa suke shekara biyar, shekara goma a ciki, har nankarwa ta tsaga musu damtse da cinya, gashi ya fito a haɓa, ƙuraje ƙanana su kewaye baki, wasu har suga da hawan jini. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan wannan zafin na bayan dainawa a 2021, mu kuma a nan NAFDAC ta ayyana man bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Ke ba ki wuce wata huɗu ba, kin ci sa'a kin farga da wuri.

Ba zan ɓoye miki ba, fita daga cikinsa akwai wuya. Fuskar za ta yi ja, ta yi zafi, ta yi ɓawo, ƙuraje su feso fiye da na farko, launin kuma ya dawo har ya ɗan zarce naki na asali kafin ya daidaita. Makonni ne, wani lokaci watanni. Ki nemi likitan fata tun da za ki je asibitin. Wasu sukan sauko da mutum zuwa hydrocortisone na ɗan lokaci sannan a yanke, wasu su ba da man tacrolimus, wanda yake kwantar da kumburi amma ba sitiroyid ba ne kuma ba ya sirantar da fata. Akan haɗa da ƙwayoyin sha na wasu makonni, don haka ki gaya masa kina shayarwa, akwai waɗanda ba a so mai shayarwa ta daɗe a kansu. In kina kai man har fatar ido, ki sa a auna miki ido, domin yana iya jawo hawan jinin ido da yana. A gida kuwa, ruwa da sabulu marar ƙamshi sun isa. Dilka, halawa, kurkum, lemon tsami, sabulun salo mai haɗi, duk ki ba su hutu. In zafin ya taso, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa ki ɗora minti goma, sannan ki shafa basilin kaɗan ko man kaɗe tsantsa in fatarki tana karɓarsa. Ki guji rana tsaka. Za a samu wata ta ce miki tana da haɗin mai na gargajiya zalla da zai gyara ki cikin sati. Duk man da ba shi da kwali, ba shi da jerin abin da ke ciki, kuma yake haskaka mutum cikin kwana bakwai, ki ƙaddara an matse irin tub ɗin nan a ciki. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Maganar maigida kuwa, ki riga fuskar yin magana. In kika yi shiru, nan da kwana goma zai ga ta rikice, ya shiga tambaya, ke kuma ki shiga kame-kame. Tun daren yau, bayan ya ci abinci, ki ajiye masa tub ɗin a gabansa ki ce, "Abban yara, maganin nan da muke ta shafawa ashe ya fi ƙarfinmu. Shi ya taɓa yarinyar nan, shi ne kuma ya sa fuskata haske. Zan daina, an ce za ta ɓaci na ɗan lokaci kafin ta dawo." Ba ki saye shi don bilicin ba, ƙuraje kika bi, babu abin kunya a nan. Da kalarki ya gan ki ya kai sadaki. Kuma kina bukatarsa a wannan tafiyar, ga kuɗin gwaji, ga ranar da za ki dubi madubi ki ji kamar ki koma wa tub ɗin, a samu mai ce miki ki ƙara haƙuri.

Hajiya ba ta da laifi, kada ki bari ko a fuska ta ga kamar ana tuhumarta. Jikarta ta gani cikin wahala ta nemo abin da ta ga yana aiki. In akwai mai laifi, tsarin da ya bar maganin da sai da takardar likita ake sayar da shi kamar alewa ne, kuma sau da yawa yaron da ke tsaye a kemis ɗin shi ma bai san abin da ke ciki ba. Shawarata, kada maganar ta fito daga bakinki. Ɗanta ya je ya gaishe ta, ya ce za a kai yarinya asibiti, ana so ta raka ku don ta fi ku sanin yara. In ta ji daga bakin likita da kunnenta, ita da kanta za ta zama mai hana wasu. In tafiyar ba ta yiwu ba, ya ce mata, "Hajiya, maganin nan ya yi aiki da farko, amma likita ya ce na manya ne, ya fi ƙarfin fatar jarirai." Kada a bar ta ba a gaya mata ba don gudun ɓacin rai, domin ina kyautata zaton ba gidanku kaɗai ta aika da shi ba.

Yaronki abu biyu ne a jikinsa, kuma tub ɗin bai dace da ko ɗaya ba. Makeron ka naman gwari ne da ke shiga cikin saiwar gashi, inda babu man shafawar da ke kaiwa. Maganinsa na sha ne, galibi griseofulvin, mako shida zuwa takwas ba fashi, ana sha bayan abinci mai maiƙo domin ya fi shiga jiki. Sitiroyid yana goge zoben makeron ne kawai, ƙaiƙayi ya lafa, cutar ta yi ta yaɗo a ɓoye har likita ma ya kasa gane ta. Tun 1968 likitocin fata suka ba wannan yanayin suna, ma'anarsa makeron da ya ɓad da kama. A Indiya, inda aka daɗe ana sayar da irin waɗannan man masu haɗi barkatai, har wani sabon nau'in makero ya ɓulla wanda ba ya jin maganin da aka saba. A duba kan ƙannensa, a raba masa mataji, hula da matashi, a saya masa nasa injin aski in da hali.

Gwiwar kuma, ciwo yana bukatar ɗan kumburin nan na farko domin ya kame, da shi jiki yake share datti ya saƙa sabuwar fata. Sitiroyid yana hana saƙar, ya kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Shi ma neomycin da ke ciki yana sa wa wasu mutane borin fata, a yi ta shafawa ciwo yana ta ruwa. Ki daina sa masa tun yau, shi babu fargabar yankewa irin ta ƙanwarsa a kan gwiwa kaɗai. Ki wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ki shafa basilin, ki rufe da bandeji, ki canza kullum. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da farke kafso a barbaɗa. Tunda ya kai sati uku, a tafi da shi asibitin a duba ko ya yi mugunya, a kuma tambaya ko yana bukatar allurar tetanus.

A kan targaɗen maigida, mai kemis ya yi daidai. Ana kiran su biyun maganin kumburi, amma ba gidansu ɗaya ba. Na tub ɗinki a fata yake aiki, targaɗe kuwa a jijiyar da ke ɗaure gaɓa yake, can ƙasa. Diclofenac dangin ibuprofen da asfirin ne, yana hana jiki yin sinadarin da ke kawo zugi da kumburi, kuma an haɗa shi yadda zai ratsa zuwa gaɓar da ke kusa da fata, irin idon sawu, gwiwa da wuyan hannu. Wani babban nazari da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta fitar a 2015, da ya tattara gwaje-gwaje a kan mutum fiye da 8,000, ya nuna cewa da irin wannan man mai kyau, mutum 7 ko 8 cikin 10 masu targaɗe sun samu sauƙi sosai cikin mako guda, alhali 2 ko 3 ne kawai suka samu a cikin waɗanda aka ba man da babu magani a ciki. Abin da ke shiga jini daga gare shi kusan kashi 6 cikin 100 ne na abin da ƙwayar sha take kaiwa, shi ya sa ya fi sauƙi ga ciki. Ya shafa kamar girman dabino ɗaya, sau uku ko huɗu a rana, a hankali ba da murza ba, a kan fatar da ba ta fashe ba. Ya wanke hannu kafin ya ɗauki jaririyar. In yana da asma da asfirin ke tayar masa, ya bar shi. Mai ciki a watanni ukun ƙarshe ba ta shafa shi, yara ƙanana ma haka, don haka kada ya gaji kujerar wancan tub ɗin ya shiga zagaye gida shi ma.

A kwana biyun farko na targaɗe, sanyi ake so: ƙanƙara a cikin tsumma minti goma sha biyar, a ɗaga ƙafar a kan matashi. Gashi da ruwan zafi da mulka man zafi da ƙarfi a wannan lokacin ƙara kumburi suke yi. Ba ki gaya min ko yana iya takawa ba. In ba ya iya yin taku huɗu a kanta, ko in an danna ƙashin idon sawun kansa ya yi tsalle, ko mako ya wuce babu sauƙi, a ɗauki hoton ƙashi kafin a kai wa mai ɗori. In kuma an riga an ɗaure, ya ji yatsun sun yi sanyi, sun mutu ko sun canza launi, a kwance nan take a tafi asibiti.

Ki haɗa kayan tun da dare: tub ɗin da kwalinsa, wanda ke kan madubinki, na maigida, da duk wani mai da ake shafa wa yarinyar ko da na gargajiya ne. Ki sa katin rigakafinta a ciki, domin nauyinta na watannin baya yana rubuce a jiki kuma likita zai so ya gwada da na yanzu. In kina da hotonta a waya na lokacin da take wata uku, kafin a fara shafawa, ki nuna masa. Ki rubuto min bayan kun dawo, ina so in ji abin da gwajin ya nuna.